BUSASSHEN IDO BA KULLUM NE HAƘURI BA

Iyayena da 'yan'uwana na Demsawo, da ku da za ku karanta wannan jawabi a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal.

Mu a Adamawa mun tashi ana yabon wanda ba ya nuna abin da ke ransa. Fulani na kiransa munyal, Hausawa su ce haƙuri. In aka yi wa mutum rasuwa idonsa bai kawo ruwa ba, sai a ce wane namiji ne. Galibi gaskiya ne, amma akwai busasshen idon da ciwo ne, watau ciwon tsananin damuwa.

Lafiyayyen jiki yana amsa labari tun kafin baki ya buɗe. Gaba ya faɗi, zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya jiƙe, fuska ta sake. Likitoci suna da na'urar auna duk waɗannan. A shekarar 2002, Jonathan Rottenberg da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna wa masu wannan ciwo da masu lafiya fim mai ban tausayi. Kowa zai zaci marasa lafiyar za su fi kuka, amma ba su fi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu lafiyar da suka yi kuka, bugun zuciyarsu da guminsu sun tashi tare da hawayen, alhali kuwa marasa lafiyar ko sun zubar da hawaye jikinsu bai motsa haka ba. A 2008 aka tattara bincike iri-iri, aka tarar amsar tana dusashewa ga abin baƙin ciki, ta fi ma dusashewa ga abin murna.

To, ku da ke kudu, ku dubi ɗakin da kuke kwana. Ga ɗan'uwa an bugo waya daga Jimeta matarsa ta sauka lafiya, ya ce "madalla" kamar an faɗa masa farashin albasa. Barci ya ƙaurace masa, abinci ba ɗanɗano, ya daina fita nema. In wannan hali ya kai mako biyu, kada a tsaya ga cewa girman kai ne ko sammu. Haka nan 'yan'uwanmu da suka gudo Yola daga Mubi da Michika a 2014: shirun wasunsu har yau ba a tambaye shi ba.

Ciwon yana da magani, na sha da na zama da likita, kuma neman magani bai hana addu'a ba. A 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Na Ikko akwai asibitin Yaba, na kusa da Abeokuta akwai na Aro. Mu na gida mu fara da Asibitin Ƙwararru na Jimeta. Sai dai mai wannan ciwo da wuya ya kai kansa, a samu wanda zai raka shi.