Jawabin Shugaba: Ciniki Ya Koma Waya



Yau amarya tana ɗaka a Malumfashi za ta zaɓi atamfa a WhatsApp, ta tura kuɗi, direba ya kawo mata daga Kantin Kwari. Masu shagon littattafai da mujallu sun riga mu jin jiki, 'yan mata sun koma karatu a waya.

To, mu fa? An san amanarmu daga Funtua har Bakori. Mu buɗe lamba ɗaya ta ƙungiya, mu sa hoton daddawa, ƙuli-ƙuli da man gyaɗarmu, sakatariya ta riƙa karɓar oda. Kada mu rufe shagunanmu, a nan mai saye zai karɓi kayansa.

Allah ya ƙara haɗa kanmu.