Masu Zuwa Kallon Tsuntsaye a Ƙarshen Duniya, da Abin da Ya Shafe Mu



Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan mutumin Unguwar Boro da ƙasar ƙanƙara, shi da ko hunturun Kaduna kan hana shi wanka da sassafe? Ina roƙon ya ba ni aron kunnensa.

A can kudancin duniya akwai nahiyar Antaktika, wadda girmanta ya kai na Nijeriya wajen sau 15, kuma ba ta da 'yan ƙasa, sai masu bincike da kan je su dawo. Wani ɗan Suwidin mai suna Lars-Eric Lindblad ne ya kai ayarin 'yan yawon buɗe ido can a shekarar 1966, sa'an nan a 1969 ya sa aka ƙera masa jirgin ruwa musamman don wannan sana'a. Yanzu yawancin jiragen daga Ushuwaya suke tashi, a ƙarshen ƙasar Ajantina, su yi kamar kwana 2 suna ratsa teku mai tsananin haukan igiya. Idan sun isa sai a zuba fasinjoji cikin ƙananan kwalekwalen roba, a sauke su gaɓa, su yi ta kallon fengwin, watau tsuntsun nan mai tafiya a tsaye wanda ba ya tashi sama, da kuma wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayar da 'ya'yanta nono. Kuɗin tafiyar mutum guda kan haura dala 10,000. Duk da haka a kakar 2023 zuwa 2024 waɗanda suka je sun ɗara 120,000.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne tsarin da aka gindaya. Tun 1991 kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu, IAATO, suka yarda da wasu ƙa'idoji. Ba a sauke fiye da mutum 100 a wuri guda lokaci guda. Jirgin da ya ɗauko fiye da fasinja 500 ba ya sauke kowa, sai kallo daga nesa. Ba a kusantar fengwin ƙasa da mita 5, kuma kafin mutum ya taka ƙasa sai an wanke masa takalma da magani, an kakkaɓe aljihunansa, don kada ƙwayar ciyawar wata ƙasa ta biyo shi. Attajirin da ya biya dubban daloli haka zai durƙusa yana goge takalminsa da buroshi, ba ya kuwa cewa, ka san ko ni wane ne?

Sai dai kada mu ɗauka Turawa da tausayin dabba aka haife su. Mu dubi tsibirin Jojiya ta Kudu, inda jiragen nan ke yada zango. A 1904 wani ɗan Norwe, Carl Anton Larsen, ya kafa mahautar wel a Grytviken, wasu suka biyo baya. Kafin a rufe mahautan tsibirin a tsakiyar shekarun 1960 an feɗe wel fiye da 175,000, ana narka kitsensu don yin sabulu da man shafa wa burodi. To, ga inda zancen ya zo gida. Kamfanin Lever Brothers na Ingila ya sayi ɗaya daga cikin kamfanonin farautar wel na tsibirin a 1919, shekara guda bayan nan kuma ya sayi Kamfanin Neja, wanda daga baya ya shiga cikin UAC. Ashe gyaɗar da kakanninmu suka noma a ƙasar Kano da kitsen wel na ƙarshen duniya kasuwa ɗaya suke zuwa, suna gasar farashi, alhali manomin bai taɓa jin sunan abokin gasarsa ba. Yau tsatsattsun tankunan Grytviken su ne baƙi ke ɗauka hoto, kusa da kabarin Ernest Shackleton wanda ya rasu can a 1922. Har ɓerayen da jiragen mafarauta suka kai, waɗanda suka yi ta cinye ƙwan tsuntsaye, sai a 2018 aka tabbatar an gama da su bayan aikin shekaru.

Ita ma sana'ar kallon ba ta rasa illa. Jirgin nan na Lindblad, bayan ya sauya hannu, ya ci karo da ƙanƙara a Nuwamban 2007 ya nutse da man da ke cikinsa, ko da yake an ceto dukan mutum 154. Mai zuwa kallon ƙanƙara kuma sai ya ƙona man jirgin sama da na ruwa mai yawan gaske, hayaƙin da ke cikin abubuwan da ke narkar da ita. Ni dai ban yarda da kamfanonin da ke cewa duk wanda ya je zai dawo jakadan nahiyar ba. Talla ce.

Yanzu ga tambayar da nake so ma'aikatan da ke cikinmu su riƙe. Wa ke da Antaktika? Ƙasashe 7 suna da'awar yankuna a cikinta, har da Ingila da Faransa da Norwe. Ranar 1 ga Disamba 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu a Washinton kan yarjejeniyar da ta jingine da'awar, ta hana ayyukan soja, ta keɓe nahiyar don bincike. Wata 10 ke nan kafin Nijeriya ta sami mulkin kai. Ƙasar Afirka guda da ta zauna a teburin ita ce Afirka ta Kudu, a zamanin wariyar launin fata. Wanda ya karanta labarin taron Balin na 1884 ba zai rasa jin ƙamshinsa a nan ba. Mahathir Mohamad na Malesiya ya kai ƙorafi Majalisar Ɗinkin Duniya a 1982, cewa nahiyar ta kamata ta zama gadon 'yan Adam duka. Indiya kuwa ba ta tsaya ƙorafi ba, ta aika masananta, a 1983 ta sami kujerar masu yanke shawara, domin bincike shi ne kuɗin shiga. Ƙa'idar Madrid ta 1991 ta hana haƙar ma'adinai, amma daga 2048 ana iya neman a sake duba ta. Yawancinmu a wannan ɗaki, in Allah ya ba da rai, muna bakin aiki a lokacin. Ƙanƙarar nan ita ke riƙe da mafi yawan ruwan daɗi na duniya, kuma duk abin da ya narke daga gare ta sai ya taɓa gaɓar Legas. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar.

Abin mamaki, wasu daga tsuntsayen da ake biyan kuɗi a gano a arewacin duniya da kansu suke zuwa mana. Kowa ya san shamuwa, mai zuwa da albishirin damina. To, akwai baƙin hunturu kuma: tsuntsayen bakin ruwa da ke ƙyanƙyasa a arewacin Rasha da Norwe, idan sanyi ya kore su sai su ƙetare Sahara su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru, tare da ƙananan agwagin Turai dubbai. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya suka shiga matsi tare da tsuntsayen. Ruwan da ake saki daga madatsun nan jami'ai ne ke yanke yawansa a ofis.

A jiharmu ma akwai gandun Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, rashin tsaro ya daɗe da korar masu ziyara daga gare shi. Garin nan namu kuma daga kada ya samo sunansa. Zan so in ga hannun duk wanda ya taɓa ganin kada a kogin da muke ƙetarewa kullum in za mu shiga gari.

Shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo.