Mai zuwa aiki Yamai, ina zai zauna?

Wanga jawabi an karanta shi ga ɗaliban yaƙi da jahilci bayan kaka, lokacin da samari ke ɗaure kaya. An buga shi nan don wanda bai samu zuwa ba ya karanta, ya kuma karanta ma wanda bai iya ba tukuna.

 

Hatsi ya shiga rumbu. Yanzu kowace safiya tashar Maradi da ta Damagaram da ta Tawa cike suke da matafiya. Wasu ƴan ci-rani ne, za su komo da ruwan farko. Wasu kuwa aiki ne ya kira su. Wanga ya samu gadi. Wancan wani magini ya ɗauke shi. Wata gwamnati ce ta maida ta lakkol ko gidan likita na babban birni. Jawabin yau nasu ne, su masu zuwa Yamai su daɗe.

Mai tafiya shina shirin kuɗin mota, shina shirin guzuri, shina shirin katin ɗan ƙasa. Abin da ba ya shiri shi ne wurin zama. Sai ya ce in an je a gani. To, nan ne mutane da yawa ke asarar albashinsu, wasu har da kayansu.

Yamai ba ta nan yadda kakanni sunka bar ta. A 1926, sa'ad da Nasara sunka ɗauke babban birni daga Damagaram sunka kai shi can, ƙaramin gari ne bakin kogi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 1 cikinta, kuma tun daga nan ƙaruwa take yi. An raba ta kashi 5. Kashi 4 suna gefen da motar Doso ke shigowa. Na 5 shina ƙetaren kogi, shi ake ce ma Harobanda.

Kwanakin farko ba su da wuya. Kowa na da nasa a Yamai. Ɗan gari ɗaya zai ba baƙo tabarma, a Bukoki ko Zongo ko Wadata. Wagga al'ada mai kyau ce, kada a yar da ita. Amma sauka dabam, zama dabam. Ɗakin da mutum 6 ke kwana ba ya ɗaukar na 7 har shekara. Baƙo ya yi amfani da waɗanga kwanaki ya zaga gari da ƙafarsa, ya yi tambaya. Kada ya kama ɗaki ranar da ya sauka.

BAƘO DA RANI YAKE ZUWA

Ga babban abin lura. Mai neman aiki shina isa Yamai cikin Nuwamba ko Disamba. Lokacin nan ƙasa duk ta bushe. Kwari da tudu duk ɗaya ne ga ido. Dillali ya kai shi wani gida, ya nuna mishi ɗaki mai sabon fenti, kuɗin haya kaɗan. Baƙo ya yi murna, ya biya. Bai tambayi abin da ya sa ɗakin ke da araha ba. Amsa tana zuwa cikin Agusta.

Kogin Isa, wanda wasu ke ce ma Kwara, sau 2 yake cika a Yamai cikin shekara. Akwai cikar da ke zuwa da sanyi, wajen Disamba da Janairu. Wanga ruwa daga duwatsun ƙasar Gine ya taso, ya ratso Mali sannu a hankali. Ba ya zuwa da gaggawa. Shi ne baƙo ke gani, sai ya zaci iyakar kogi ke nan. Akwai kuma cikar damina, wajen Agusta da Satumba, wadda ake ce ma jan ruwa don launin ƙasar da take ɗauko wa. Ita daga rafukan wajen Burkina Faso take zuwa, irin su Sirba da Dargol da Goruwal. Da, cikar sanyi ita ce babba. A shekarun nan jan ruwa ya fi ta. Dalili ba ɓoye yake ba ga manomi: an sare itace, ƙasa ta yi fako, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya gangara gaba ɗaya. Rairayi kuma ya cika cikin kogi.

A Yamai akwai ma'aunin ruwan kogi. In ruwa ya kai mita 6 da santimita 20, hukuma na cewa an shiga haɗari. Cikin Satumba 2020 ruwa ya kai mita 7. Ganuwar da anka yi don tare shi ta fashe wajen Lamorde. Ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, ya kuma ci Saga a wanga gefe. Gidajen laka sunka narke kamar gishiri. Mutane dubbai sunka kwana cikin lakkol da cikin tantuna. Kafin nan, a 2012, an yi irin wagga masifa a unguwannin nan. Cikin waɗanda sunka rasa kaya akwai ƴan haya da yawa. Mai gida ya rasa gini, amma filinsa na nan. Ɗan haya ya rasa katifa da buhun hatsin da ya zo da shi daga gida da takardunsa, ba shi kuma da inda zai nuna ya ce nasa ne.

Wanga ba ya nufin Harobanda duk wurin gudu ne. Akwai tudu can, akwai jami'a, akwai kasuwa, mutanen kirki na zaune lafiya. Kuma nisa da kogi ba ya isa. Cikin tsakiyar gari akwai ƙoramar Gunti Yena. Da rani yaro na tsallake ta. Da damina tana cika ta shiga gidajen da ke bakinta. Kan hanyar filin jirgi akwai unguwar da ake ce ma Peyi-Ba. Sunan da Faransanci ne, ma'anarsa ƙasar da ke gangare. Sunan kaɗai ya isa gargaɗi.

A 2024 ruwan sama ya yi ɓarna ko'ina cikin Nijar. Mutum sama da 300 sunka rasu. Cikin Agusta ruwa ya yanke hanyar da ke fita Yamai zuwa Doso. Tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi cikin Satumba. Gwamnati ta ɗaga komawa lakkol har 28 ga Oktoba. Mutanen Maradi kuwa ba sai an gaya musu ba. Tun 1945 gulbi ya ci tsohon gari, anka tashi anka hau tudu. Wanda kakansa ya gudu daga fadama bai kamata ya je Yamai ya biya kuɗi ya koma cikinta ba.

To, yaya baƙo zai gane wurin ruwa da rani? Kamar yadda yake gane gona. Ya dubi gindin bango daga waje. In akwai layi mai duhu, ko siminti ya kumbura shina zuba, ruwa ya taɓa tsayawa nan. Fenti na ɓoye layin cikin ɗaki, ba ya ɓoye na bayan gida. Ya dubi bakin ƙofofin maƙwabta. In kowa ya gina dakali mai tsawo a ƙofarsa, ko an jera buhunan rairayi da tsofaffin tayoyi, ba don ado anka yi ba. Ya dubi ko tsakar gida ta fi titi zurfi. Ya leƙa salga. In ruwanta na kusa da baki da rani, da damina tsakar gida zai fito. Sa'an nan ya yi tambaya. Kada ya tambayi dillali, shi ladarsa yake nema. Ya tambayi mai tebur na kan kwana, ko tsohuwa mai ƙosai, ko liman. Tambaya guda ce: bara cikin Agusta, ina ruwa ya tsaya? Matambayi ba ya ɓata.

Ko ruwa bai rushe ɗaki ba, inda ya kwanta nan sauro ke haihuwa. Masassara ta kama yaro, ta kama uba. Mai aikin yini in ya kwanta kwana 5, ya rasa kuɗin kwana 5, ga kuɗin magani.

LISSAFIN HANYA

Abu na biyu shi ne nisa. A Yamai haya na sauƙi in an yi nesa da tsakiyar gari. Filato da Kwara Kano na manyan ma'aikata ne da baƙin ƙasashen waje, ba a maganarsu. Bukoki na kusa da kasuwar Katako, amma cunkoso ya yi yawa. Can bakin gari, wajen Kwara Tegi ko bayan filin jirgi, ɗaki ya fi araha, iska ta fi yawa. Sai dai hanya na cin abin da haya ta bari.

Ga misali, kowa ya ɗauki alli ya lissafa. A ce kuɗin taksi dala 50 ne. A ce mutum sai ya shiga taksi 2 kafin ya kai wurin aiki, 2 kuma kafin ya komo. Dala 200 ke nan, jika 1 kowace rana. In ya yi aikin kwana 26 cikin wata, jika 26 ta tafi. Tun Janairu 2024 mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yanke jika 42 ne. Mi ya rage? Da wanga mutum ya ƙara jika 5 ko 10 bisa haya ya zauna inda ƙafa za ta kai shi aiki, da ya fi riba. Faba-faba ta fi taksi sauƙi, amma ba ta bin kowace hanya, kuma sai ta cika take tashi. Mai gadi da mai aikin gidan burodi da ungozoma, waɗanda ke fita da dare, su yi tunanin wanga sau biyu.

Mai keke ko babur lissafinsa dabam ne. Shi ya dubi hanya: kwalta ce ko rairayi? Mai zama Harobanda shina aiki wanga gefe ya san gada zai bi safe da maraice. Gada 3 ce yanzu: ta Kenedi tun 1970, ta biyu da ƴan Sin sunka gina anka buɗe a 2011, da ta Janar Seyni Kunce a 2021. Ya dubi wadda ke kusa da ɗakin, ya gwada tafiyar da ƙarfe 7 na safe ranar aiki, ba ranar Lahadi ba.

MAGANA DA MAI GIDA

Yawancin baƙi gidan haya na mutane da yawa suke shiga: ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, salga ɗaya. A irin wanga gida faɗa daga wuri 2 yake tasowa, ruwa da wuta. In abin awon wutar NIGELEC guda ne ga kowa, a tambaya yadda ake raba kuɗin. Mai ƙwai ɗaya da rediyo kada ya biya daidai da mai firji. In babu fanfo cikin gida, a tambayi ƴan garuwa nawa suke kai ruwa nan, da rani musamman, cikin Afrilu da Mayu. A wasu unguwannin tudu fanfo na nan amma ruwa sai tsakar dare yake zuwa. Tudu ya tsare mutum daga ambaliya, ya bar shi da ƙishirwa. Sai a auna.

Masu gida na neman kuɗin wata da yawa tun gaba, da kuɗin ajiya. Dillali na neman nasa. Nan ne karatu ke da rana. Duk dalar da ta fita hannu a rubuta ta: kwanan wata, yawan kuɗi, watan da anka biya, sa hannun mai gida. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya sayi ƙaramin kaye don wanga aiki kaɗai. Ya tabbata kuma wanda ya karɓi kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaske. An sha ganin ɗaki ɗaya an karɓi kuɗinsa hannun mutum 2. Mai unguwa ya san gidan kowa. Gaisuwa gare shi da goro ba asara ba ce.

Wanda Allah ya buɗa ma har ya yi niyyar sayen fili, maganarsa doguwa ce, sai wani jawabi. Abu ɗaya dai: filin da ba shi da takardar hukuma, ko wanda ke cikin dajin bedi da anka dasa kewaye da gari tun 1965, ana iya tada mai shi kowace rana.

IYALI

Saura maganar mata da yara. Namiji na fita da asuba ya komo da dare. Matarsa ce ke yini cikin unguwa. Ita ke neman ruwa, ita ke kai yaro likita, ita ke zuwa kasuwa. Yamai garin Zabarmawa ne da Hausawa da Fulani da Buzaye da sauransu, kuma Hausa na tafiya kusan ko'ina. Duk da haka macen da ta baro Tasawa ko Madawa ko Mirya tana son maƙwabciyar da za ta bar ma yaro in ta fita. A dubi wanga kafin a aika mata kuɗin mota. A dubi nisan lakkol, da ko yaro zai tsallake babban titi kafin ya kai. A dubi gidan likita na unguwa da gidan haihuwa.

Ita ma macen da aiki ya kai Yamai ita kaɗai, malama ko ma'aikaciyar likita, gidan da ke da iyali ciki da ƙofar da ake rufewa da dare ya fi mata, ko da ɗakin ƙarami ne.

Mai iya haƙuri ya yi damina ɗaya shi kaɗai cikin ɗakin da ya kama. In Satumba ta wuce tabarmarsa ba ta jiƙe ba, albashi kuma na kai ƙarshen wata, sai ya aika iyali su zo bayan kaka, daidai da buɗe lakkol. Wanda ba shi da halin jira, takardun haihuwar yara da katinsa da kayen haya ya sa su cikin leda, ya rataye su sama kusa da rufi.