In Mota Ta Ƙi Tashi, A Fara Duba Kan Batir

Wannan jawabi ne da wani mai gyaran wutar mota, wato rewaya, ya yi wa direbobi 'yan ajin yaƙi da jahilci a Magamar Jibiya, bakin iyakar Nijeriya da Nijar.

Ya ce sau da yawa direba yakan tsaya a duba masa takardu, in ya dawo sai mota ta ƙi tashi. Nan da nan sai ya ce batir ya mutu, ya ci bashi ya sayi sabo. Alhali kuwa datti ne kawai a kan batir.

Ya ce a fara kunna fitilun gaba, sannan a murɗa makulli. In hasken ya dushe, aka ji ƙas-ƙas, to, wuta ce ba ta isa. A buɗe bonet. In kan batir ya yi sako-sako, a ɗaure. In ya yi farin gari, a kwance wayar da ke da alamar ragi tukuna, sannan ɗayar. A wanke da ruwan zafi da 'yar kanwa, a goge, a mayar, a shafa giris. Kada a kusanto da ashana ko sigari, domin iskar batir tana kama wuta.

In kuwa fitilu suna nan da haskensu amma mota ta yi tsit, laifin yana wajen sitata, ko makulli, ko fis. Fis ɗin da ya ƙone, a sa irinsa. Masu cusa waya a gurbinsa, in ji shi, gobara suke saye.

In inji yana juyawa bai kama ba, a tabbata akwai mai, sannan a sa makanike ya duba fulogi.

Ya kuma tuna musu rufe iyaka da aka yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Mota in ta daɗe a tsaye haka, batirinta yakan sauka da kansa. Saboda haka mai ajiye mota ya cire wayar batir.

Da wani ya tambayi jar fitilar batir da ke kamawa ana cikin tafiya, sai ya ce caji ne ya tsaya. A duba fambel da altaneta tun a Magama, kada a kama hanyar Maraɗi a haka.