Malaman Da Ke Bayan Alƙalan Duniya: Jawabi A Taron Reshe



Mu da muka shaida abin da ya auku a Buni Yadi da Chibok a 2014 ba ma buƙatar a ba mu labarin ɓarnar yaƙi a makaranta. Tambayarmu ita ce: idan ƙura ta lafa, wa zai tsaya wa waɗanda aka zalunta, kuma a ina zai koyi aikin?

Dokar hukunta laifukan yaƙi tana da malamanta, kamar kowane fanni. Cherif Bassiouni, haifaffen Masar, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar DePaul ta Amurka kafin ya shugabanci kwamitin tsara Yarjejeniyar Roma a 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. Yarjejeniyar ta sa kai hari da gangan kan ginin makaranta, muddin ba a mai da shi sansanin soja ba, cikin laifukan yaƙi. Antonio Cassese, farfesa a Italiya, shi ya jagoranci binciken Darfur wanda rahotonsa ya fito a 2005. A tamu nahiyar, Fatou Bensouda ta Gambiya, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun daga 2012 zuwa 2021, a Ife ta karanta shari'a. A can ma Dapo Akande ya fara, kafin ya zama farfesa a Oxford.

Hanyar doguwa ce: shekara 5 a jami'a, shekara 1 a makarantar horar da lauyoyi, digiri na biyu da na uku, sannan rubuce-rubucen bincike da ake auna malami da su. Tana son haƙuri da harsuna, domin da Turanci da Faransanci kotun take aiki. Amma mai ba da shaida da Kanuri ko Hausa yake kuka. Masanin da bai ji harshen bazawara ba, rabin maganarta zai kama. Kuma ba kowace shari'a ce za ta kai birnin Hague ba. Sasanta maƙwabta, biyan diyya da karɓar tubabbu aiki ne na gida, yana jiran masu bincike 'yan gida, a Zariya da Kano da Maiduguri.

To, ina namu rabon? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk lokacin da yara biyu suka kawo ƙara, muka saurari kowa kafin mu ɗaga bulala, mun koyar da darasin farko na wannan ilimi. Mu ƙarfafa karatu, mu bar yaro ya yi tambaya. Iyaye kuma, kada tsawon hanya ya sa ku cire 'ya mace daga makaranta. Bensouda ma wata rana 'yar firamare ce.

Allah ya jiƙan abokan aikinmu da suka rasu a bakin allo, ya fito mana da masu neman haƙƙinsu daga cikin ɗalibanmu.