Hoton Nukiliya na Ƙwaƙwalwa da Ciwon Karkarwa: Yaushe Ya Dace a Nema?



A shekarar 1817 wani likita a Landan mai suna James Parkinson ya bayyana ciwon da ake kira da sunansa a yau. Labarin mutum 6 kawai ya kawo, wasunsu ma a kan titi ya gan su suna tafiya. Ba shi da wata na'ura sai idonsa da kunnensa. Ƙa'idojin da ƙungiyar masana cututtukan motsin jiki ta duniya ta fitar a 2015 ma a kan idon likita da hannunsa suka dogara: nawar motsi wadda ke ƙaruwa idan mutum ya ci gaba da maimaita abu ɗaya, haɗe da karkarwa a lokacin da gaɓa take hutawa, ko sanƙarewar jiki. To, ina matsayin hoton nukiliya ke nan? Yana da amfani ƙwarai, amma tambaya ɗaya tak yake amsawa, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a kansa daga yi masa tambayar da ba tasa ba take fitowa.

A 1960, a birnin Biyana, masu bincike Ehringer da Hornykiewicz suka gano cewa sinadarin dofamin ya ƙare ƙwarai a wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo. Jijiyoyin da ke kai dofamin can suna da wasu 'yan ƙofofi a bakinsu waɗanda ke mayar da sinadarin ciki bayan ya gama aiki. Allurar da ake kira DaTSCAN tana ɗauke da maganin da ke manne wa waɗannan ƙofofi, an kuma haɗa shi da aidin-123 mai fitar da hasken da kyamara ke iya gani. Kafin allurar ana ba mutum aidin na sha don a kare halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Sai a jira awa 3 zuwa 6, sannan kyamara ta zagaye kai. A wurin mai lafiya hoton yana fitowa kamar waƙafi biyu suna fuskantar juna. Idan jijiyoyin sun lalace sai jelar waƙafin ta ɓace ya koma ɗigo, galibi daga ɓangaren da ke kishiyar hannun da ke rawa. Turai ta amince da wannan allura a 2000, Amurka a 2011.

Abin da hoton ke faɗa shi ne ko jijiyoyin dofamin suna nan ko sun lalace. Iyakarsa ke nan.

Wurin da ya fi dacewa shi ne inda ƙwararren likita ya duba ya sake dubawa, amma ya kasa raba ciwon Parkinson da karkarwar nan da ke tashi idan hannu yana aiki, wadda sau da yawa gadonta ake yi. Hukumar NICE ta Ingila a nan ta ajiye shi a jagorarta ta 2017. Sai dai yawancin masu karkarwa ba su kai wannan mataki ba. Ku ba dattijo kofin shayi: idan hannun ya fi rawa yana kai kofin baki, ya kuma lafa da zarar ya ɗora shi a cinya, wannan ya fi kama da karkarwar da ake gada. Idan kuwa rawar tana zuwa ne yana zaune shiru, rubutunsa ya ƙanƙance, hannu ɗaya ba ya lilo in yana tafiya, fuska ta daina nuna walwala, to alamun Parkinson sun fito tun kafin a yi maganar kyamara.

Akwai kuma karkarwar da magani ke haddasawa, kuma a nan nake so in daɗe, domin ita ce ta fi shafar mu. Haloperidol da chlorpromazine da ake ba masu taɓin hankali, metoclopramide na amai da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, cinnarizine na jiri, duk suna iya toshe aikin dofamin har mutum ya sanƙare ya yi nawa. Jijiyoyinsa lafiyarsu lau, saboda haka hotonsa zai fito daidai. Amma kafin hoto akwai tambayar da ba ta cin ko kwabo: Baba, waɗanne magunguna kake sha? Kada a tsaya ga abin da ya faɗa, a sa 'ya'yansa su kawo ledar maganin gaba ɗaya a zube ta a kan tebur. Idan an ga mai laifin a dakatar da shi, a yi haƙuri, domin warwarewar kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Inda hoton ke da babban amfani shi ne majinyacin da ba a isa a janye masa maganin taɓin hankali ba, ana kuma zargin akwai Parkinson na gaske a ƙarƙashi.

Hoton ba ya raba Parkinson da 'yan uwansa masu saurin kwantar da mutum, irin wanda ke hana ido kallon ƙasa yana jawo yawan faɗuwa, ko wanda ke sa jini ya yi ƙasa ya kuma kawo matsalar fitsari. Dukkansu ɗigo suke nunawa. Wanda alamunsa suka bayyana sarai, ya kuma samu sauƙi sosai da maganin levodopa, hoto ba zai ƙara masa komai ba, haka kuma ba a maimaita shi don auna yadda ciwon ke tafiya. Wasu magunguna ma, kamar methylphenidate da bupropion, suna gurɓata sakamakon idan ba a lura ba.

Hasken da jiki ke sha a gwajin ya kai kimanin abin da mutum ke samu daga muhalli a shekara biyu. Ba abin tsoro ba ne idan da dalili. Matsalarmu ta fi wannan girma. Ƙarfin aidin-123 yana raguwa da rabi duk bayan awa 13, kuma sai da na'ura ta musamman ake haɗa shi. Samun sashen likitancin nukiliya a Asibitin Koyarwa na Ibadan ko Asibitin Ƙasa na Abuja bai sa allurar ta zama abin da ake ajiyewa a kabad ba. Don haka idan likita a Kano ko Damagaram ya ce a nemo wannan hoto, sau da yawa abin da ya ce shi ne a tafi Masar ko Indiya. Ina jin zafin ganin an sayar da gona don a tabbatar da abin da aka riga aka sani, alhali kuɗin zai sayi levodopa na shekaru, maganin da tun bayan aikin George Cotzias a 1967 yake tayar da mutane daga kan tabarma.

Akwai wani majinyaci da nake roƙonku kada ku manta da shi: tsohon da ya fara mantuwa, yau da hankalinsa gobe a ruɗe, yana ganin mutane ko yara a ɗaki alhali babu kowa, yana dukan iska cikin barci, jikinsa ya ɗan sanƙare. A gida za a ce iska ce, a asibiti a ce Alzheimer ne ko taɓin hankali. Mai yiwuwa ciwon mantuwa ne na Lewy, kuma ƙa'idojin gano shi na 2017 sun sa wannan hoto cikin manyan shaidunsa, domin a Alzheimer yawanci yakan fito daidai. Bambancin na rai ne, saboda allurar haloperidol da ake saurin yi wa mai gane-gane tana iya sanƙarar da irin wannan tsoho har ta kai shi ga halaka. Idan iyalinsa suna da halin neman hoton, a nan kam ku rubuta musu. Idan ba su da hali, ku rubuta a saman katinsa, da manyan baƙaƙe, cewa kada a yi masa haloperidol, ku kuma sanar da wanda ke jinyarsa a gida.