Adon Ɗaki Daga Hannun Mutanenmu: Jawabin Kwamitin Sana'o'i a Taron Cikar Shekara

  

Duk mun san inda kuɗin adashi ke tafiya idan biki ya matso: kayan ɗaki. Bayan gado da kujeru, sai a koma kan bango. A sayo firem mai ƙyalli, da fulawar roba, da agogon da ke kuka kamar tsuntsu. Ki shiga ɗakin amarya a nan Daura, ki shiga wani a Sandamu ko Zango, wallahi firem ɗin ɗaya ne. Bazara biyu ta wuce, ya koɗe. Kuɗin kuma sun tafi wata ƙasa, ba za su dawo ba.

Shawararmu ita ce mu riƙa ba da aiki a yi mana, a wurin masu hannu da ke kusa da mu.

Ku ɗauki allon zayyana. Mun saba ganinsa ranar sauka kaɗai, an rubuta Fatiha da farkon Baƙara, an kewaye da zane ja da kore da ruwan ɗorawa. Alaramman da ya iya wannan zai iya yi miki shi a kan allo babba ko takarda mai kauri, da ayar da kika zaɓa. Ba za ki ga irinsa a gidan kowa ba, don ko shi kansa ba zai maimaita shi daidai ba. Sai dai a kula, ayar Allah ba ta ɗakin girki ba ce, ba kuma inda hannun yara ke kaiwa ba.

Ga faifai, ga ƙwarya. A zauren nan akwai waɗanda in suka kama kaba da rini sai ki rantse da inji aka yi. Faifai biyar ko bakwai masu launi ɗaya, a jera su bisa bangon falo, sun fi ƙarfin firem. Iyayenmu ai da ƙorai suka fara jere, kafin tasa da kwanon samira su zo. Mai gini sabo kuwa ta tuna da zanen bango irin na Zariya da unguwar Birni ta Damagaram. Magini zai iya fitar da dagi a saman ƙofa ko da siminti ne. Akwai kuma yaranmu da suka karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello, suna iya zana rijiyar Kusugu ko hawan Sallar Gani. In gidanku ba a rataye hoton abu mai rai, ki faɗa tun farko.

To, maganar kuɗi, nan ne ake ɓatawa. Kada ki ce "yi min mai kyau" ki tafi. Ki auna bangon da igiya ko da ɗankwali ne, ki faɗi launi, ki nemi ganin aikin da aka taɓa yi, ko a waya. A yi ciniki a ƙare kafin a taɓa komai: nawa ne kayan aiki, kwana nawa zai ci, yaushe za a karɓa. Ki ba da kafin alƙalami da zai sayi kayan, ragowar sai aiki ya zo hannu. A rubuta, a sa shaida. Kunya ita ke raba zumunci a nan, musamman in 'yar uwa ce mai aikin.

Araha tana cikin lokaci. Ƙwarya da kaka ake nemanta, lokacin da duma ya cika kasuwar Mai'adua. Aikin da aka kai saura sati biyu biki, dole ya yi tsada, ya kuma fito a gaggauce. Idan mu biyar muka haɗa oda, aka sayi rini da allo a sari, kowa ta samu sauƙi. Amma don Allah, Hajiya, kada a matse mai aiki har ta faɗi. Ba ma tayin wulaƙanci a shagon firem, sai a kan faifan maƙwabciya da ta kwana huɗu tana saƙa. Haka 'ya'yanta za su gani su ce ba za su koya ba.

Mu kuma roƙi mai aikin ta sa sunanta a baya. Ku duba bayan naira 20: Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane, ta rasu tun 1984, har yau sunanta na yawo a jakunkunanmu.

Littafin sakatariya yana kan tebur kusa da ƙofa. Shafi ɗaya na masu son a yi musu aiki, ɗaya na masu iyawa, har da 'ya'yanku da ƙannen mazajenku. A zaman wata mai zuwa za mu haɗa ku, kowace mai sana'a ta zo da samfuri ɗaya.

 Allah Ya sa albarka a nemanmu.